KWANA BIYU A GIDA: RABON 'YA'YA DAGA LOKACIN MAHAIFINSU

Jawabin da tsohon hedimastan makarantar firamaren garinmu ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya

 



GABATARWA

Lokacin da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce in zaɓi duk abin da na ga zai amfani jama'a in yi magana a kansa. Na san da yawa daga cikinku kun zaci zan tayar da zancen rufin ajujuwan da iska ta kware, ko rijiyar burtsatse, ko ƙarancin magani a ɗakin shan magani. Waɗannan duka suna da muhimmanci, kuma waɗanda suka fi ni sani sun yi bayani a kansu tun da safe. Ni kuwa na zaɓi in ba ku labarin kwana biyu da wani magidanci ya yi da iyalinsa a wannan gari, daga yammacin Juma'a zuwa la'asar ɗin Lahadi, a tsakiyar watan Nuwamba na shekarar 2024. Mai yiwuwa wani ya ce, yau kuma Malam ya tsufa, an tara manyan mutane yana ba su labarin yawon shan iska. To, a yi mini haƙuri a saurara, domin a ganina rayuwar wannan ƙungiya nan da shekara talatin tana rataye da irin wannan kwana biyu.

Magidancin da nake nufi ɗana ne na fari. Ba zan ambaci sunansa ba, kun san al'adarmu, kuma ga shi can a zaune ya sunkuyar da kai. Ma'aikaci ne a birnin Kano, yana da 'ya'ya uku: namiji mai shekara 11, mace mai shekara 8, da auta mai shekara 5. Tsakanin gidansa da ƙofar gidana tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci a mota. Amma duk da wannan kusanci, sai da aka yi shekara huɗu yaran nan ba su kwana a garin nan ba. Shi yakan zo, ba na zarginsa da yanke zumunci. Yakan zo jana'iza, yakan zo ɗaurin aure, yakan zo gaisuwar Sallah, ya yi awa uku ya juya. Yara kuwa ana barin su a birni, yau a ce suna da Islamiyya, gobe a ce akwai darasin ƙarin lokaci, jibi a ce sauro. Na tabbata a cikin wannan rumfa akwai mutum hamsin da wannan bayani ya dace da su.

DAREN JUMA'A

Ran nan bayan an sauko daga masallaci sai ya bugo mini waya ya ce suna tafe, shi da mai ɗakinsa da yara duka, kuma za su kwana biyu. Na ce, "Lafiya dai ko?" domin mu a nan in an ji ɗan birni zai kwana, to akwai dalili. Ya ce, "Lafiya lau Baba, yawo kawai zan kawo su."

Sun iso gab da magariba. Abin da na fara lura da shi shi ne, yana fitowa daga mota ya kashe wayarsa ya miƙa wa mahaifiyarsa ya ce ta ajiye masa sai Lahadi. Ta karɓa ta jefa cikin kwalla ta rufe. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da farko yaran sun noƙe, suna kallon akushi kamar an ajiye musu jarrabawa. Kakarsu ta dubi babban ta ce, "Kai angon nawa, haka za ka zo mini hannu rabbana, ko kuɗin cefane babu, sannan ka raina mini tuwo?" Yaron ya dubi ubansa a tsorace, bai san wasan jika da kaka ba. Sai da uban ya yi masa bayani cewa ai matarsa ce, ya rama, kafin ya saki jiki. Kafin a yi sallar isha ya iya ce mata tsohuwa mai rowar nama.

Daren farin wata ne. Yaran unguwa suka fito dandali, maza na langa, mata na gaɗa. Ina zaune a kan dakali sai na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba: mutum mai shekara 40, mai ofis da masinja, ya tuɓe babbar riga ya kama ƙafa ɗaya yana koya wa ɗansa langa. Bai yi taku goma ba wani ɗan yaro ya bangaje shi ya faɗi warwas. Dandali ya kaure da dariya, 'ya'yansa suka fi kowa. Da aka dawo gida kakarsu ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, auta ya yi barci a cinyar ubansa.

ASABAR: GONA DA MAƘABARTA DA BAKIN RUWA

Da asuba bayan mun dawo daga masallaci aka sha koko da ƙosai, aka ɗaura wa shanu amalanke, muka nufi gona. Lokacin kaka ne, an riga an kai gero rumbu, ana girbin dawa, mata da yara suna roron wake. Jikata ta nuna zangarniyar dawa ta ce, "Abba, wannan ce shinkafa?" Masu aiki suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin shekara 35 na yi ina koyarwa, na san laifin rashin sani ba na ɗalibi ba ne in ba a taɓa koya masa ba. Uban ma bai yi dariya ba. Ya karyo zangarniyar ya murje ta a tafin hannunsa ya nuna mata ƙwayar, ya ce, "Wannan ce kika ci jiya da dare." Sannan ya yanko musu takanɗa ya fere, suka sha har ruwan yana bin haɓarsu.

Daga nan ya ɗauke su ya zaga da su iyakar gonar, daga gindin kukar nan ta gabas, ya bi layin gamba har zuwa tsamiyar da ta raba mu da maƙwabta. Ya gaya musu wannan gonar kakan kakansu ne ya sare ta, kuma ba a taɓa barin ta ta kwana shekara ba a shuka ba. Babban ya tambaya, yaya ƙasa za ta yi ta ba da amfani haka ba ta gaji ba? Nan uban ya juyo gare ni ya ce, "Ga hedimasta nan, shi zai amsa."

Na gaya musu abin da ya kamata kowane ɗan wannan yanki ya sani ya kuma yi alfahari da shi. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar Afirka ta Yamma, gona na jikin gona, gida na hango gida. Ba mu da dajin da za mu bar gona ta huta mu koma wata, saboda haka iyayenmu suka koyi ciyar da ƙasa kamar yadda ake ciyar da dabba. Da rani ana tara takin awaki da tumaki da tokar murhu da sharar gida, a kai gona a mangala, a zuba tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. A da, jakunan da suka kai itace birni ba sa dawowa haka nan, sai da takin birni a bayansu. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu kuma ta zama abincin dabbobin da za su ba da takin baɗi. Ba a sare gawo, domin shi da damina yake zubar da ganye, inuwarsa ba ta danne shuka, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya dabbobi su ci. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin wannan noma namu, ya kuma nuna wa duniya cewa yawan jama'a bai kashe ƙasar Kano ba, saboda irin kulawar da manomanta suke yi mata. Mutum ya taso daga Ingila ya koyi wannan, ashe bai kamata jikan mai gonar ya tashi bai sani ba.

A hanyarmu ta dawowa muka ratsa maƙabarta, mu maza. Ya tsaya da ɗansa, ya koya masa yadda ake yi wa mamata sallama da addu'a, ya nuna masa sashen da mahaifina yake kwance da 'yan'uwansa. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Abba, mu ma 'yan nan ne ke nan?" Uban ya ce, "Ƙwarai kuwa. A Kano muke zaune, amma nan ne gida."

Bayan azahar ya zuba mu a mota, har da kakarsu da uwarsu da 'ya'yan ƙaninsa biyu, muka tafi madatsar ruwa ta Thomas, wadda ba ta da nisa da Dambatta. Tana cikin madatsun da aka gina a Jihar Kano a shekarun 1970, a ƙarƙashin shirin tanadin ruwa da marigayi Audu Bako ya assasa lokacin da yake gwamna daga 1967 zuwa 1975, shirin da ya haifar da babbar madatsar Tiga a 1974. A nan kusa kuma Kwalejin Aikin Gona mai ɗauke da sunansa take. Yaran ba su taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba sai a talabijin. Suka ga masunta suna gyaran koma, suka ga manoman rani suna shirya fadama, suka ga garken shanu ya gangaro shan ruwa. Uban ya sayi karfasa da tarwaɗa a hannun masunta, aka soya mana a wurin, muka zauna a inuwa muka ci da yaji.

Babban ya nace sai an sa shi a kwalekwale. Uban ya tambayi mai jirgin ko yana da rigar kariya daga nitsewa, ya ce babu. Sai ya ce to ba za a shiga ba, yaron ya yi fushi na ɗan lokaci ya huce. Na yaba masa a kan wannan, domin ba mu manta da hatsarin kwalekwalen da ya auku a ruwan Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Fita da yara amana ce, kuma uban da ya san lokacin da zai ce a'a shi ne ya cancanci ya fita da su.

LAHADI: KASUWAR DAMBATTA

Ranar Lahadi kasuwar Dambatta take ci, saboda haka da hantsi muka nufi can. Kafin mu shiga ya ba kowane yaro 'yan kuɗi kaɗan a hannunsa, ya ce kowa ya sayi abin da yake so, amma da sharaɗin shi zai yi cinikinsa da bakinsa. Yaran da suka saba da kantin da ake manna wa kaya farashi, ran nan suka ji mai kaya yana cewa "albarka", suka koyi cewa ba kora ba ce, gayyata ce a ƙara tayi. Jikata ta sayi ɗan maburgi da ludayin duma, ta ce za ta dama wa Abbanta fura. Babban ya sayi danƙon harbi. Auta kuwa ya ƙare kuɗinsa a kan alewa da ƙuli-ƙuli tun a bakin kasuwa.

Muka shiga kara, inda ake cinikin shanu da tumaki da awaki. Ya nuna musu yadda dillali yake shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, da abin da ake nufi da la'ada, da manyan motocin da ake loda wa shanu zuwa kudancin ƙasar nan. Ya ce musu naman da ake ci a Legas, wani daga nan yake tashi. A ƙarshe ya sayi 'yar tunkiya ya ce ta su ukun ce, za a bar ta a wurin kakarsu ta riƙa kiwata musu. Da na tambaye shi hikimar haka, sai ya ce, "Baba, in suna da dukiya a garin, su za su riƙa damuna mu zo." Haka kuwa aka yi. Tunkiyar nan ta haihu, kuma tun daga ranar ba a yi wata uku ba su zo duba ta ba.

ABIN DA YA FAƊA MINI KAFIN SU TAFI

Bayan la'asar suna shirin tafiya, muka keɓe a zaure ni da shi. Na ce masa, "Wai me ya kawo wannan tunani?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ka tuna ranar da ka kai mu Gidan Zoo?"

Da ƙyar na tuna. A shekarar 1993 ne, na je Kano karɓar wasu takardun makaranta, na tafi da shi da ƙanwarsa domin babu mai kula da su a ranar. Da na gama abin da ya kai ni da wuri, sai na biya da su gidan namun dajin nan na Audu Bako, muka ga zaki da kura da jimina, na saya musu rake. A wurina ranar ba ta da wani muhimmanci. Shi kuwa ya ce, "A duk shekarun da na yi a gabanka, ita ce ranar da na fi tunawa. Wani biri ya fizge maka hula, ka yi dariya har da hawaye. Ran nan na fara sanin kana dariya. Kwanan baya na lissafa, na ga babban ɗana ya wuce shekarun da nake da su a lokacin, kuma ban ba shi ko rana ɗaya irin wannan ba. Ina fita suna barci, ina dawowa suna barci."

Jama'a, maganar nan ta dake ni. Na shiga kwalejin horon malamai a zamanin da aka buɗe shirin UPE na 1976, na fito na yi shekara 35 ina tarbiyyar 'ya'yan mutane. Asabar ina makaranta ina cika rajista, Lahadi ina taron iyaye da malamai ko ina bin gidaje neman yaran da suka daina zuwa. Na ciyar da 'ya'yana, na tufatar da su, na sa su a makaranta, ban taɓa barin su da yunwa ba, alhamdu lillahi. Amma a gida ma hedimasta nake. In na yi gyaran murya a zaure, tsakar gida sai ta yi tsit, ni kuma ina ɗaukar wannan a matsayin nasara. Sai ga shi bayan shekara 31 ɗana yana gaya mini cewa abin da ya riƙe a zuciyarsa yini ɗaya ne da rake da biri.

ALKUNYA DA SAKIN FUSKA

Na san abin da wasu dattawa 'yan'uwana za su ce. Za su ce mu Hausawa muna da alkunya, uba ba ya wasa da 'ya'yansa, musamman ɗan fari, kuma in ka sake wa yaro fuska zai raina ka. Alkunya abu ne mai kyau, ni ma ga shi na kasa kiran sunan nawa a gabanku. Amma mu tuna, a lokacin da aka gina wannan al'ada, uba da ɗa tare suke yini. Tare suke tafiya gandu, tare suke dawowa, a akushi ɗaya ake zuba musu. Ko uban bai yi magana ba, ɗan yana ganin yadda yake riƙe fartanya, da yadda yake gaida manya, da yadda yake haƙuri in damina ta yi gardama. Ga kakanni da baffanni da gwaggwanni a gida ɗaya, masu yi wa yaro wasan da uban ba zai yi ba. Yau ɗan birni ya ɗauki alkunyar ya tafi da ita gidan haya mai ɗaki uku, ya baro gandun da kakannin a nan. Abin da ya rage wa yaro shi ne uban da ba ya gani da rana, ba ya kuma magana da dare. Wa zai cike wannan gurbi? Wayar hannu da abokan banza, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kuma in muka koma ga addininmu, malamai suna nan za su gyara mini in na yi kuskure, ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, ya kuma yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Babu wanda ya kai shi kwarjini, kuma wannan bai rage masa komai ba. Hutun mako ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun kafin zuwan Turawa makarantun allo suke hutun Alhamis da Juma'a.

UZURORI UKU

Uzuri na farko shi ne kuɗi. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tafiya ta yi tsada, kuma albashi ba ya kai wata. Amma na tambayi ɗana abin da ya kashe a kwana biyun nan, in aka cire kuɗin tunkiya, bai kai abin da yakan kashe a ɗinkin Sallar mutum ɗaya ba. Masauki kyauta, tuwo kyauta, gona da dandali da farin wata babu mai karɓar kuɗin shiga.

Na biyu shi ne lokaci. A shekara akwai mako 52. Wanda ya ce ba zai iya ware biyu ko uku daga ciki ba, ya duba sau nawa ya halarci ɗaurin auren mutanen da ko sunan amaryar bai sani ba. In an kira shi an ce wani babba a gidansu ya rasu, a ranar zai samu lokaci. Ina roƙonku ku kawo mana jikokinmu muna da rai, mu gan su su gan mu.

Na uku shi ne tsaro, kuma ba na raina shi. Mun ji abin da ya sami wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen shekarar 2025, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. A yi tambaya kafin a taso, a yi tafiya da rana, a guji dare. Wanda kuma yake nesa, kamar Legas ko Fatakwal, ba a ce ya zo kowane wata ba. Ya ba 'ya'yansa Asabar ɗaya a wata a can inda yake, sannan ya ware zuwa gida sau ɗaya a shekara. In ya sauka a Kano, kafin ya kamo hanyar Daura ko ta Katsina, ya hau da su Dutsen Dala su hango birni, ya kai su Gidan Makama su ga tarihi tun daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya biya da su marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi, in kuma hanyarsa ta bi ta Dawanau ya nuna musu inda hatsin da muke nomawa yake taruwa.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Ya shugaba, kada a ce Malam ya yi dogon labari bai kawo shawara ba. Ga guda huɗu.

Na ɗaya, ƙungiya ta tsayar da ƙarshen mako ɗaya a kowace shekara, a lokacin kaka, wanda kowane ɗan ƙungiya zai zo da iyalinsa. Kada a haɗa shi da taron kuɗi ko na siyasa, kada a sa kujeru da lasifika. Na yara ne.

Na biyu, a ranar a buɗe makarantar firamarenmu, kowane uba ya nuna wa 'ya'yansa ajin da ya zauna, 'ya'yan birni su zauna da 'yan'uwansu na gida a benci ɗaya. Wanda ya ga rufin da ya yaye da idonsa ba sai an aika masa takardar neman taimako ba.

Na uku, kowane uba ya zaga da 'ya'yansa iyakar gonar gidansu a gaban dattawa. Muna ganin yadda gonakin Ungogo da na Dawakin Tofa da ke kusa da birni suke komawa fulotai. Magajin da bai taɓa taka gonar ubansa ba, ranar da aka raba gado a waya zai sayar da ita, kuma shari'ar iyaka da yawa da ke gaban Dagaci daga rashin sanin nan take tasowa.

Na huɗu, duk wanda zai fita da nasa, ya haɗa da ɗa ɗaya ko biyu na 'yan'uwansa da ke nan, musamman marayu. Akwai yaran da aka haifa a garin nan da ba su taɓa ganin ruwan Thomas ba, alhali ga shi a bayan gida.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, duk wanda yake cikin wannan rumfa yana ba da gudummawa ne saboda ya sha ruwan garin nan, ya yi langa a dandalinsa, yana da wanda ya binne a maƙabartarsa. Wannan ne ya sa in an ce rijiya ta lalace kuke sa hannu a aljihu. To, ku tambayi kanku, in mun kau, ku ma kun kau, wane dalili 'ya'yanku za su samu na zuwa wannan taro? Ba za su ƙaunaci garin da ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar yaro ba ta zuwa inda babba bai kai ta ba.

Ni dai na makara a kan nawa 'ya'yan, amma Allah ya ba ni dama ta biyu a kan jikoki, kuma na gode masa. Ku da naku suke ƙanana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina fata baɗi war haka, in Allah ya kai mu, hayaniyar yara za ta hana mai jawabi jin muryarsa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, a yafe mini. Allah ya shirya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.